Littafi Guda Tak

Mota ta sauke mu a Sambolabo,
ni da Malama Saudatu da jakin haya.
Na ɗaure kaya: raga mai dogon hannu,
akwatin takardu, garin rogo,
da barguna uku da na yi wa dariya tun a Banyo.
Kwana biyu muna hawan Cabbal Mbabo.
A daren farko na nemi gafarar barguna.

Can sama, itatuwa sun gaji, sun laɓe a kwazazzabai,
ciyawa kaɗai ta ƙarasa hawan.
Gajimare yana ratsa mu a ƙasa
kamar garken da ya ɓace wa mai shi,
ya jiƙa mini gemu ya wuce.

Ni suna ɗaya na sani: malam-buɗe-littafi.
Fari ne ko ja, a garinmu duk malam ne.
Ta ce, "Tanimu, ai malamai ma iri-iri ne. Ƙirga mini."
Duk sabon da ta nuna sai in jefa tsakuwa a aljihu.
Ga shuɗi mai walƙiya, bai kai farcen babban yatsa ba.
Ga masu ruwan ɗorawa sun yi cincirindo kan kashin shanu,
ba kunya, ba alwala.
Wani baƙi mai wutsiya ya ƙi tsayawa mu gaisa.
Kafin azahar aljihu ya rinjayi wando:
talatin da ɗaya.

Sai ta durƙusa, ta ɗaga mini hannu kada in motsa.
Na duba. Wannan ne?
Launin tsohuwar ƙwarya,
ɗigo biyu a ƙarƙashin fiffike kamar idon ɗan tsako.
Da a kasuwa ne ko tayawa ba a yi.
Ta ce, "Iyakar sanina, nan kaɗai yake.
Tsutsarsa ba ta cin komai sai wannan siririyar ciyawa.
Gangare zafi, ba ya sauka.
Tsaunin da kake hange can, kwarin da ke tsakani
teku ne a wurinsa."

Na tuna kundin kakana mai rubutun tawada,
wanda ya yi ta cewa gobe zai ba a kwafa.
Gara ta riga gobe zuwa.

Da la'asar Hamajoda ya kawo mana kindirmo.
Ya ce in rani ya yi zai cinna wuta,
in ba toho, me shanu za su ci?
Malama ba ta ja da shi ba.
Ta lanƙwaso ganye ɗaya ta nuna masa bayansa:
ƙwai a jere, ƙanana kamar acca.
Ya daɗe a tsugune, sanda a kafaɗa.
Ya ce, "Daga wancan dutse zuwa rafi, ban da wuta."
Ya yi dariya. "Sadakar malam ce."

Da dare, bakin murhu, ta gaya mini sauran.
Zafi ma yana hawan dutsen nan,
tafiyar tsoho, amma bai san hutu ba.
Ya matso, malam ya ƙara sama.
Na ce, "In ya kai ƙololuwa fa?"
Ta tura itace cikin wuta.
Sararin sama ba ya fid da ciyawa, ni ma na sani.

Da safe ta ɗauki hotonsa, ta buɗe tafi.
Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa,
bai bar ni na kai ƙarshen layi ba
ya bi iska,
ya bar mata ɗan gari-gari a yatsa.

A gida Ladiyo ta zazzage aljihuna kan tabarma.
Ta ƙirga talatin da ɗaya, ta kwashe don wasan carafke.
Ta talatin da biyun tana naɗin hulata.
Ta ce, "Baba, wannan mummunar fa?"
Na ce bar ta,
ba ta da 'yar'uwa.